Kundin Aikin Farin Wada: Bayanan Ci Gaba daga Agege

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe aikin. Ni ne da ɗalibai 14 'yan sakandare, dukkansu 'ya'yan Hausawan Agege, kuma muna haɗuwa kowace Asabar bayan sallar La'asar a wani aji da aka ba mu aro. Burinmu biyu ne kafin azumi ya kama: mu rubuta ɗan littafi da Hausa a kan yadda taurarin da ake kira fararen wadanni suke haske, sannan mu ga ɗaya daga cikinsu da idonmu ta madubin hangen nesa.

Asalin aikin tambaya ce. Makonni biyu da suka wuce ina bayanin cewa Rana tana samun ƙarfinta ne daga haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin zarra, inda a kowace daƙiƙa take mayar da kimanin tan miliyan 600 na haidurojin zuwa hiliyam, sai na ƙara da cewa bayan man nata ya ƙare nan da shekaru kusan biliyan 5, ragowarta za ta ci gaba da haske na wasu biliyoyin shekaru. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan mai ya ƙare, to wutar me za ta ci?" Na ba ta amsa a taƙaice, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba, kuma gaskiyarta ce, domin amsar tana da faɗi fiye da abin da na faɗa.

Mun tsayar da suna. Masanin taurari Willem Luyten ne ya raɗa wa irin wannan tauraro sunansa a 1922, saboda ƙanƙantarsa da kuma farin haskensa. Mun yarda mu kira shi farin wada, jam'insa fararen wadanni. Wasu sun so a ce "gajeren tauraro", amma gajarta ta tsayi ce, shi kuwa abin nan ƙarami ne ta kowace fuska.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Babi na farko ya kammala, wato tarihin rayuwar tauraro irin Rana. A cibiyar Rana zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma wannan ya isa a haɗa haidurojin. Idan haidurojin na cibiya ya ƙare, cibiyar takan tsuke ta ƙara zafi har ta kai digiri miliyan 100, a nan hiliyam yakan fara haɗewa ya zama kabon da oksijin, shi kuma tauraron ya kumbura ya yi ja. Kafin kabon ya haɗe ana bukatar zafin da ya haura digiri miliyan 500, kuma tauraro mai nauyin Rana ba shi da nauyin da zai matse cibiyarsa har ta kai can. Sai ya yi watsi da rigunansa na waje zuwa sararin samaniya, cibiyar ta rage tsirara. Ita ce farin wada. Duk tauraron da nauyinsa bai wuce kamar sau 8 na Rana ba nan ne makomarsa, wato kusan kashi 97 cikin 100 na taurarin da ke cikin babban rukunin taurarin da Rana take ciki.

Inda muka daɗe yau shi ne neman misali. Kowa a ajin ya ce garwashi, musamman garwashin da iyayenmu mata suke rufewa da toka da dare su tone shi da asuba yana nan da ransa. Misalin yana da daɗi, kuma da farko na karɓa, amma da na sake tunani na ga zai ɓatar da mai karatu. Garwashi yana ja ne saboda har yanzu yana ci: gawayin yana haɗuwa da iska a hankali yana samar da sabon zafi. Farin wada kuwa ba abin da ke ci a cikinsa ko kaɗan. Idan muka sa garwashi a littafin, mun koyar da akasin abin da muke nufi.

Na tura yara uku wurin wani maƙeri da ke bayan kasuwa. Sun dawo suna cewa ya zaro ƙarfe daga wuta ya ajiye a kan uwar maƙera, suka ga ya fito da haske kamar ruwan ƙwai, ya koma ja, ya koma ja mai duhu, ya dushe. Ƙarfen ba ya ci, zafin da ya kwaso daga wuta yake fitarwa. Wannan shi ne misalin da ya dace, kuma shi muka rubuta. Haka tandar gidan burodi ta ƙasa, wadda ake kwashe wutarta sannan a jera burodi a ciki ya gasu da zafin da bangonta ya riƙe. Ɗan Agege ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Jimlar da muka sa a ƙarshen babin ita ce: hasken farin wada tsohon zafi ne, wanda tauraron ya tara a zamanin da yake da wuta.

Asabar, 7 ga Disamba

Wannan ne babi mafi wuya, kuma sai da na rubuta shi sau uku. Tauraro mai rai yana tsaye ne saboda zafin cikinsa yana tura waje yayin da nauyinsa yake danna ciki. Idan wuta ta mutu, me ya hana farin wada rugujewa? Tambayar ta dami masana sosai, domin awo ya nuna musu abu mai nauyin Rana amma girmansa bai wuce na Duniya ba. Gutsuren da bai fi ƙwayar sukari mai kusurwa huɗu ba daga jikinsa zai kai nauyin tan guda, wato buhun shinkafa 20 mai kilo 50. Da na faɗi haka ajin ya yi tsit, domin yawancinsu sun san nauyin buhu a kasuwar Mile 12.

Ralph Fowler ne ya warware matsalar a Ingila a 1926, shekara ɗaya bayan Wolfgang Pauli ya fito da ƙa'idarsa da ta ce ilektoron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar ƙwayar zarra, ba za su taɓa zama a hali ɗaya sak ba. Na kwatanta musu da bene mai hawa da yawa wanda kowane ɗaki ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, su ma sai masu hali dabam-dabam. Idan ɗakunan ƙasa suka cika, mai zuwa daga baya dole ya hau sama, kuma a nan hawa sama yana nufin ƙara gudu. A cikin farin wada an matse ilektoron har ɗakunan ƙasa duk sun cika, saboda haka da yawansu suna gudu mai tsanani ba don zafi ba, sai don babu wurin zama a ƙasa. Wannan gudun ne yake tokare nauyin tauraron.

Abin da nake so ɗalibai su riƙe daga nan shi ne rabon aiki. Ilektoron su ne ginshiƙi, kuma tokarewarsu ba ruwanta da zafi ko sanyi. Zafin da tauraron yake fitarwa yana ajiye ne a wani wuri dabam, a cikin kai-komon cibiyoyin kabon da oksijin. Saboda haka farin wada yana iya hucewa shekara biliyan bayan biliyan girmansa bai canza ba sai ɗan kaɗan, kuma yawancin ƙarfin da wannan 'yar tsukewar take samarwa ilektoron ne suke shanye shi, ba ya zama haske. Wani ɗalibi ya tambaya ko ilektoron ɗin ba za su gaji ba. Na ce masa ba za su gaji ba, domin ba su da wani ɗaki na ƙasa da za su sauko su huta, don haka ba su da hanyar rabuwa da gudun nasu.

Mun rufe da Subrahmanyan Chandrasekhar, wanda a 1930, yana ɗan shekara 19, a cikin jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila, ya fara lissafin da ya nuna cewa tokarewar tana da iyaka. Farin wada ba zai wuce kimanin sau 1.4 na nauyin Rana ba. An ba shi kyautar Nobel a 1983. Na lura shekarunsa sun fi jan hankalin yaran a kan lissafinsa, kuma na ji daɗin haka, domin shekara biyu ko uku kawai ya girme wa manyansu a lokacin.

Asabar, 21 ga Disamba

Mun samu aron madubin hangen nesa mai faɗin milimita 150 daga wani abokin aiki. Mun gwada shi a saman bene bayan Isha'i. Hazon hunturu ya rufe sama, ga fitilun Ikeja da na filin jirgin sama sun mayar da shi ja-ja. Mun ga Mushtari da watanninta huɗu, kuma yara sun koyi saita madubin da bin abu yayin da yake gusawa. Taurari marasa ƙarfin haske ba su fito ba. A Agege ba za mu ga farin wada ba, dole mu fita bayan gari.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Bayan hutu mun koma kan tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda Larabawa suke kira Shi'ira, Turawa kuma Sirius. Da na rubuta sunan a allo wata ɗaliba ta gane shi nan take daga aya ta 49 ta Suratun Najmi. Nisansa da mu tafiyar haske ce ta shekara 8.6. A 1844 Friedrich Bessel, a Jamus, ya lura cewa tauraron yana tangaɗi a tafiyarsa, ya ce lallai akwai wani abu mai nauyi da ba a gani yana jan sa. Ranar 31 ga Janairu, 1862, Alvan Graham Clark a Amurka yana gwada sabon gilashin madubi sai ya hango ɗan ɗigon. A 1915 Walter Adams ya auna haskensa a dutsen Wilson ya tarar fari ne mai zafi. Shi ne farin wada mafi kusa da mu, kuma shi da babban suna zagaya juna sau ɗaya a shekara 50.

Da shi muka yi lissafin da nake ganin shi ne zuciyar littafin. Zafin fuskar Rana kimanin digiri 5,800 ne a ma'aunin Kelvin, na abokin Shi'ira kuwa kimanin 25,000, wato ya ninka sau 4.3. Hasken da kowane taku na fuskar abu mai zafi yake fitarwa yana ƙaruwa ne idan aka ninka wannan adadin da kansa sau huɗu, sai muka samu kusan 350. Amma faɗin tauraron kashi ɗaya ne cikin 120 na faɗin Rana, saboda haka fuskarsa gaba ɗaya ta gaza ta Rana sau 14,400. Raba 350 da 14,400, sai ka ga duk zafinsa haskensa bai wuce kashi ɗaya cikin 40 na hasken Rana ba. Yaran da kansu suka yi wannan a takarda, kuma amsarsu ta yi daidai da abin da masana suka auna.

Daga nan aka fara ganin dalilin da ya sa ƙarfen maƙeri yake hucewa a cikin mintuna, farin wada kuma yake ɗaukar biliyoyin shekaru. Rumbun babba ne, ƙofar fita ƙarama: zafin abu mai nauyin Rana guda yana fita ne ta fuskar da ba ta kai ta Duniya ba. Dalili na biyu shi ne mayafi. A can ciki ilektoron suna kai zafi ko'ina cikin sauƙi, kamar yadda cokalin ƙarfe yake ɗaukar zafin shayi, don haka cikin tauraron kusan zafi ɗaya yake da shi, na miliyoyin digiri. Amma a saman akwai siririn rufi na hiliyam, galibi da haidurojin a kansa, wanda zafi ba ya ratsa shi sai da ƙyar. Leon Mestel ne ya tsara wannan lissafi a 1952. Ɗalibai suka ce ai filas ɗin shayi ke nan, kuma na yarda mu sa shi a matsayin misali na biyu. A nan ne tokar da muka ƙi a watan Nuwamba ta dawo da amfaninta, domin aikin rufin aikin toka ne, ko da yake abin da ke ƙarƙashinsa ba garwashi ba ne.

Na ƙara sakin layi ɗaya a kan farkon rayuwar farin wada. Yana fitowa da zafin fuska sama da digiri 100,000, kuma a wannan lokacin yawancin ƙarfinsa yana zurarewa ne ta wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda suke ratsa rufin kamar babu shi. Da ya ɗan huce wannan hanyar takan rufe, hucewar ta yi ta raguwa. Abokin Shi'ira ya yi kimanin shekara miliyan 120 yana hucewa, kuma a cikin irinsa yaro ne. Akwai waɗanda zafinsu ya sauko ƙasa da digiri 4,000, har sunan fari bai dace da su ba. Wanda ya dushe gaba ɗaya kuwa babu shi tukuna, domin shekara biliyan 13.8 da sararin samaniya ya yi ba su isa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji muka yi a tsakar gida saboda wari. Mun zuba kafur irin na sa wa kaya a kwalbar gwaji, muka narkar da shi a cikin ruwan zafi, muka tsoma ma'aunin zafi, muka cire shi daga ruwan, sannan ɗalibi ɗaya yana kiran lokaci kowane rabin minti, wata tana karanta ma'auni, wani yana rubutawa. Zafin ya yi ta sauka, da ya zo wajen digiri 80 sai ya tsaya cik na 'yan mintuna, daidai lokacin da kafur ɗin yake daskarewa, bayan nan ya ci gaba da sauka. Mai karanta ma'aunin ta ɗauka ya lalace har ta so ta girgiza shi.

Bayanin shi ne, abu mai ruwa-ruwa idan zai daskare yakan saki wani ɓoyayyen zafi, kuma wannan zafin ne yake cike gurbin wanda ke fita. Haka take faruwa ga farin wada. Cikinsa da fari ruwa-ruwa ne, amma idan ya huce zuwa wani mataki cibiyoyin kabon da oksijin sukan jeru sahu-sahu su daskare, daga tsakiya zuwa waje, duk da cewa zafin wurin har yanzu miliyoyin digiri ne. Tsananin matsi ne yake sa haka. Hugh Van Horn ya yi hasashen wannan a 1968. Ba a tabbatar ba sai a 2019, lokacin da Pier-Emmanuel Tremblay da abokan aikinsa suka duba fararen wadanni kusan 15,000 da kumbon Gaia na Turai ya auna, suka tarar sun yi cunkoso a wani matakin haske, wato sun daɗe a nan fiye da yadda ya kamata, kamar yadda ma'auninmu ya daɗe a kan 80.

Wannan ya sa na gyara jimlar babin farko. Har yanzu gaskiya ne cewa babu wuta, amma rumbun ba ɗaya ba ne. Ban da ɓoyayyen zafin daskarewa, akwai kuma nutsewar sinadarai masu nauyi zuwa tsakiya, wadda ita ma take sakin ƙarfi kamar yadda duk abin da ya faɗo daga sama yake yi. Wani bincike da aka buga a watan Maris na 2024 ya nuna cewa a cikin wasu kaɗan daga fararen wadanni masu nauyi, daskararrun gutsattsarin sukan taso sama kamar ƙanƙara a kan ruwa, ruwa mai nauyi ya gangara ƙasa, kuma wannan yana iya tsayar da hucewar har sama da shekara biliyan 8. Na ga ya kamata yara su san cewa a wannan fanni ana samun sabon abu har a shekarar da ta gabata.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Jiya muka tafi gonar kakan wani ɗalibi can gaba da Epe, mu da iyaye biyu a motar haya. Hazo ya yi sauƙi. Bayan Magariba jinjirin wata yana yamma, Zara a gefensa.

Ba Shi'ira muka fara nema ba. Farin wadan da ya fi sauƙin gani yana tare da tauraro mai lamba 40 na jerin taurarin da ake kira Eridanus, wanda William Herschel ya gano abokan tafiyarsa a 1783, kuma a 1910 Henry Norris Russell da Edward Pickering da Williamina Fleming suka fahimci cewa ɗayansu fari ne duk da rashin ƙarfin haskensa. Mun fara daga Rigel, farin tauraron da ke ƙafar jerin taurarin Orion, muka gusa yamma kimanin digiri 15. Wajen ƙarfe takwas da rabi yana kusan saman kanmu. Sai da muka yi minti 40 kafin muka tabbatar da shi, domin akwai wani tauraro kusa da shi da ya ruɗe mu. Da ya shiga madubi, ga babban mai launin lemo, ga kuma ɗan ɗigo fari a gefensa, a ware sarai. Tauraro na uku, ja ƙarami da ke manne da farin, yara biyu sun ce sun gan shi; ni ban iya tabbatarwa ba, don haka ban rubuta shi a cikin abin da muka gani ba.

Kowa ya duba sau biyu. Mai gonar, dattijo da ya zo Ikko tun yana saurayi, ya daɗe da ido a kan madubin, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wato wannan ƙaramin matacce ne?" Na ce, "Baba, wutarsa ta mutu, amma jikinsa bai huce ba, kuma har yanzu fuskarsa ta fi ta Rana zafi kusan sau uku." Ya ce, "Ikon Allah," ya sake sunkuyawa. Nisan tauraron tafiyar haske ce ta shekara 16 da 'yan watanni, wato hasken da ya shiga idonmu ya baro can wajen ƙarshen 2008. Yarinyar da ta yi tambayar farko ta ce a shekarar aka haife ta.

Wajen sha ɗaya na dare muka juya ga Shi'ira. Ba mu ga abokinsa ba. Babban ya fi shi haske kusan sau 10,000 a ido, kuma iska mai ɗumi da ke tasowa daga ruwa ta sa yana ta rawa a madubi. A waɗannan shekarun ne tazararsu ta fi faɗi, saboda haka za mu sake gwadawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Babi biyar sun kammala, shafi 22 da zane shida na ɗalibai, ciki har da jadawalin hucewar kafur da zanen abin da aka gani a Epe. Babi na shida ya rage, kuma gajere ne: yanayin da wuta take sake kamawa. Idan farin wada yana da maƙwabcin tauraro kusa, yakan janyo haidurojin daga jikinsa ya tara a fuskarsa, har ya kai matakin da zai kama gaba ɗaya ya yi walƙiya ta kwanaki. Tauraron T na jerin Corona Borealis ya yi haka a 1866 da 1946. Idan kuma nauyin ya matso iyakar Chandrasekhar, kabon ɗin da bai taɓa kamawa ba yana iya kamawa, tauraron ya tarwatse. Ina so a rubuta babin da kulawa don kada mai karatu ya ɗauka haka kowane farin wada yake ƙarewa, domin yawancinsu shiru suke hucewa, kuma Rana, da ba ta da abokin zama, tana cikinsu.

Wani malamin Hausa ya karɓi kwafi zai duba mana ƙa'idojin rubutu. Ya riga ya ja hankalinmu cewa mun rubuta "maganaɗisu" a wurare uku inda muke nufin jan da nauyi yake yi, kuma abubuwa biyu ne dabam, mun gyara. Azumi zai kama a ƙarshen mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don haka mun mayar da zama zuwa safiyar Asabar. Mai madubin ya amince mu riƙe shi har ƙarshen Maris, lokacin da Shi'ira yake saman kudu da an sha ruwa, kuma dattijon Epe ya aiko cewa ƙofarsa a buɗe take. Za mu buga kwafi 50 bayan Sallah.